Bayan Zazzaɓi Ya Sauka: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙwaƙwalwar Mai Fama da Jarabar Giya Bayan Cutar Bairos

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin mutanen da suka daɗe suna shan giya, suka kwanta da wata cutar bairos, suka tashi, amma har yanzu ba su koma daidai ba. Wasu kuma daga matansu ne, ko 'ya'yansu, ko 'yan'uwansu. Adadin magungunan da aka ambata a nan don a gane abin da likita yake yi ne, ba don mutum ya rubuta wa kansa ba.

1. Da gaske ne cutar bairos tana barin illa a ƙwaƙwalwa bayan an warke?

Da gaske ne, kuma tun kafin korona aka san haka. Waɗanda suka tsira daga cutar SARS, wata cutar bairos ta numfashi, ta 2003 a Hong Kong, da aka bi sawunsu bayan kusan shekara huɗu, an tarar kimanin kashi 40 cikin 100 suna fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kusan adadin nan kuma suna fama da gajiyar da ta ƙi tafiya. A 2021 masu bincike na Jami'ar Oksfod sun duba bayanan mutum sama da 236,000 da suka yi korona, suka ga kusan ɗaya cikin uku an rubuta masa wata cutar jijiya ko ta ƙwaƙwalwa cikin wata shida, kimanin kashi 13 kuma karonsu na farko ke nan. Da suka sake dubawa a 2022, sai aka ga ƙarin hatsarin fargaba da ciwon damuwa yana lafawa cikin kamar wata biyu, amma dushewar tunani da wahalar tuna abu suna iya kaiwa shekara biyu.

Yawanci ba bairos ɗin ne ke shiga ƙwaƙwalwa ba. Garkuwar jiki ce, a yaƙin da take yi, take sakin sinadaran kumburi, su kuma su isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa: a kwanta, a rage ci, a guji mutane. Wannan na da amfani na 'yan kwanaki. Matsalar ita ce a wasu mutane saƙon ba ya yankewa ko da cutar ta wuce.

2. Ta yaya mutum zai san giya ta kama shi, ba sha kawai yake yi ba?

Abu uku ake dubawa. Na farko, ya kasa iko da shan: ya yi niyyar kwalba ɗaya ya ƙare a biyar. Na biyu, giya ta sha gaban aiki, iyali da lafiya, yana ganin ɓarnar amma yana ci gaba. Na uku, jiki ya saba: abin da ke bugar da shi da yanzu ba ya yi masa komai, in kuma bai sha ba sai karkarwa, gumi da tashin zuciya, musamman da safe. Biyu daga cikin ukun, in sun ɗauki kamar shekara, sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 209 ne ke cikin wannan hali a 2019.

Akwai gwajin tambayoyi goma na hukumar mai suna AUDIT, makinsa daga 0 zuwa 40. Maki 8 zuwa sama sha ne mai hatsari, 20 zuwa sama yana nuna mai yiwuwa jiki ya dogara da giya. Wajen lissafi, ma'auni ɗaya giram 10 ne na tsantsar barasa, don haka kwalbar rabin lita mai ƙarfin kashi 5 kusan ma'auni biyu ce. A faɗa wa likita adadin gaskiya da lokacin da aka yi shan ƙarshe. Amsoshi na 5 da na 6 za su nuna yadda wannan bayani kaɗai kan ceci rai.

3. Me ya sa abin ya fi tsanani a kan mai shan giya?

Saboda bairos yana tarar da jiki a riga an raunana shi ta fuskoki da yawa. Shan giya na shekaru yana sassauta bangon hanji, gubar ƙwayoyin cuta na hanji ta riƙa tsallakawa cikin jini, hanta da ƙwaƙwalwa su zauna cikin ɗan kumburi na dindindin. In bairos ya zo, a kan wannan yake ɗorawa. Giya tana kuma raunana kariyar huhu, shi ya sa mura kan rikiɗe ta zama ciwon huhu, hatsarin huhu ya cika da ruwa ya kasa aiki kuma ya kusan ninkawa. Gwargwadon tsananin cutar, gwargwadon illar da za ta bari.

Sai abin da aka fi mantawa da shi: rashin lafiyar tana tilasta wa mutum yanke giya ba shiri, tana hana shi cin abinci, tana ƙone ɗan bitamin da ya rage masa. Ga kuma cewa da yawa daga masu jarabar giya dama suna ɗauke da ciwon damuwa ko fargaba tun farko. Saboda haka abin da iyali ke gani a matsayin matsala ɗaya, sau da yawa matsaloli uku ne ko huɗu suka haɗu, kowace da lokacinta da maganinta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora komai a kan giya a sallami mutum, ko a ɗora komai a kan bairos a ƙi tambayar giya.

4. Waɗanne alamomi aka fi gani, kuma yaushe ake cewa sun daɗe?

Gajiyar da barci ba ya gusarwa, dushewar tunani, neman kalma a rasa, karanta layi ɗaya sau uku, rashin barci ko munanan mafarkai, faɗuwar gaba, saurin fushi, rashin jin daɗin abin da ake so da. Rashin jin ƙamshi da ɗanɗano ma yana da nasa tasiri, don yana kashe sha'awar abinci ga mutumin da dama ba ya ci sosai. Ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoba 2021 game da korona ita ce alamomin da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cutar da ta bayyana su. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wahala ga mai shan giya, don dole a fara kawar da abubuwan da ke amsoshi na 5, 6, 7 da 9.

5. Na kwanta da zazzaɓi na kasa sha kwana biyu, sai karkarwa da gane-gane suka zo. Bairos ne ya taɓa min kai?

Ya fi kama da ciwon yanke giya, kuma yana iya kisa. Giya tana taka wa ƙwaƙwalwa burki kullum, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ƙara wuta don ta ci gaba da tafiya. In aka ɗauke burkin farat ɗaya, wutar nan tana nan. Karkarwa, gumi da bugun zuciya kan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya ta fi zuwa cikin awa 48 na farko. Mummunar ruɗewar da likitoci ke kira delirium tremens kan zo tsakanin awa 48 zuwa 96: mutum bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari ko dabbobi a bango, jiki ya yi zafi, jini ya hau. Zazzaɓin bairos yana rufe waɗannan alamomi, shi ya sa ake makara.

A asibiti ana ba da diazepam ko chlordiazepoxide, ana rage su a hankali cikin kamar mako guda. In hanta ta lalace ko mutum ya manyanta, an fi zaɓar lorazepam. Ana haɗawa da bitamin B1 da ƙarin ruwa, ana duba gishirin jini. In numfashi ya yi rauni saboda ciwon huhu, waɗannan magunguna suna buƙatar sa ido sosai, wanda ba zai yiwu a gida ba.

Kada mai sha kullum ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai. Wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a baya, a asibiti zai daina, don kowane yankewa yana sa na gaba ya fi muni. Wanda bai taɓa ba kuma bai samu likita nan take ba, ya rage kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a rana ko ƙasa da haka, da wani a kusa da shi, har ya samu ganin likita.

6. Tun da aka sallami mahaifinmu yake mantuwa, yana kuma ba da labarin abin da bai faru ba. Mene ne wannan?

Ku mayar da shi asibiti yau, ku ambaci bitamin B1, wato tayamin. Jiki ba ya ajiye fiye da kamar miligiram 30 nasa, kuma yakan ƙare cikin mako biyu zuwa uku in ba a cin abinci. Giya tana hana hanji tsotse shi, zazzaɓi yana ƙara cinye shi, amai da gudawa suna ƙarasa sauran. In ya ƙare, sai a samu cutar Wernicke, wadda aka fara bayyanawa a 1881: ruɗewa, tangaɗi wajen tafiya, da rawar ƙwayar ido ko ganin abu biyu-biyu. Kaɗan ne daga cikin marasa lafiya ke nuna ukun gaba ɗaya. Alama ɗaya a jikin mai shan giya da ba ya cin abinci ta isa a fara magani.

Ƙwayar haɗiya ba ta isa a wannan mataki. Ta jijiya ake bayarwa, miligiram 200 zuwa 500 sau uku a rana na kwanaki a jere, sannan a koma ƙwaya. Ana ba da shi kafin ruwan sukari ko tare da shi, don sukari shi kaɗai yana iya ƙone ragowar bitamin ɗin. Ana kuma gyara sinadarin maganiziyam, don in ya yi ƙasa tayamin ba ya aiki.

In aka makara, sai ta zarce zuwa cutar Korsakoff. Za ku ga yana tuna sunayen abokan ƙuruciyarsa tsaf, amma ya tambaye ku ko an ci abinci sau biyar cikin awa ɗaya, kwanon yana gabansa. Labaran da yake bayarwa ba ƙarya yake shirya muku ba, ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓi ba da saninsa ba, don haka gardama da shi ba ta da amfani. Wasu suna samun sauƙi sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu in an daina giya, ana cin abinci, ana shan tayamin, kuma harkokin yini suna tafiya a tsari ɗaya da rubutattun tunatarwa a inda zai gani.

7. Waɗanne alamomi ne ba a kwana da su a gida?

Ruɗewar da ta zo cikin awanni ko kwanaki, jijjiga, barcin da ake tashin mutum da ƙyar, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, raunin gefe ɗaya na jiki, karkacewar baki, aman jini ko baƙin bayan gida, idanu su yi ruwan ɗorawa tare da sauyin hali. Akwai bairos da ke shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, kamar herpes simplex, yana cin sashen da ke riƙe tunawa. Ba tare da magani ba yana kashe kusan bakwai cikin goma, maganinsa kuma acyclovir ne ta jijiya na kwana 14 zuwa 21, kuma kowane jinkiri yana ƙara illar da za ta zauna. A jikin mai shan giya an sha ɗaukarsa a matsayin maye. Haka ma taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, wadda kan bayyana makonni bayan an manta da faɗuwar.

Maganar kashe kai tana cikin wannan jeri. In mutum ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. A kawar da tarin magunguna, guba da makami, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Giya tana rage tazarar da ke tsakanin tunani da aikatawa.

8. Yaya ake bambance damuwar da giya ta kawo da wadda cutar ta bari?

Da lokaci. Giya da kanta tana haifar da ciwon damuwa mai kama da na asali ta kowace fuska, amma yana sauka in an daina. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1988 kan maza da aka kwantar don daina giya, kashi 42 suna da alamomin damuwa masu ƙarfi da farko, bayan mako huɗu ba sha suka koma kashi 6. Shi ya sa likitoci kan jira mako uku zuwa huɗu kafin su yanke hukunci.

A zauna a jera abubuwa a takarda: yaushe shan ya ƙaru, yaushe aka kamu da cutar, yaushe kowace alama ta fara, an taɓa yin damuwa a lokacin da ba a sha, akwai mai ita a dangi. Alamar da ta fara bayan cutar alhali shan bai canza ba, kuma ta ƙi tafiya bayan wata guda ba giya, ta fi karkata ga bairos. Gwajin PHQ-9 na damuwa da GAD-7 na fargaba, in ana maimaita su duk mako biyu, suna nuna inda aka dosa. A dukkansu maki 10 zuwa sama yana buƙatar kulawa. Ba a jira mako huɗun nan in damuwar ta yi tsanani, ko akwai tunanin kashe kai, ko an san mutum da ciwon tun kafin giya.

9. Ina da ciwon hanta na B ko C. Yana da alaƙa da mantuwa da kasalar da nake ji?

Yana iya kasancewa, ta hanya biyu. Bairos ɗin C shi kansa yana zuwa da gajiya da dushewar tunani tun hanta ba ta lalace ba. Tsohon maganinsa, allurar interferon, ya yi suna wajen jefa mutane cikin ciwon damuwa, kuma wannan tsoro ne ke hana wasu neman magani har yau. Tun daga ƙarshen 2013 aka samu ƙwayoyi irin su sofosbuvir, ana sha mako 8 zuwa 12, suna warkar da sama da kashi 95, ba su da waccan illa. Shan giya ba dalili ba ne na hana mutum su, sai dai giyar za ta ci gaba da cin hantar ko bayan bairos ya tafi. Na B kuma ana danne shi ne da magani irin tenofovir, kuma ba a dakatar da shi ba da izinin likita ba, don ciwon kan taso da ƙarfi.

Hanya ta biyu ita ce in hanta ta ƙanƙance ta kasa tace guba irin amoniya, gubar ta kai ƙwaƙwalwa. Farkon wannan ciwo a ɓoye yake: barci da rana, ido biyu da dare, rubutun hannu ya lalace, lissafin da aka saba ya gagara. A sa mutum ya miƙe hannuwansa gaba ya ɗaga tafukan kamar mai tsayar da mota. In suna faɗowa suna komawa da kansu, alama ce. Kowace sabuwar cuta, ko mura ce, tana iya tayar da shi, haka ma taurin bayan gida, bushewar jiki, zubar jini a ciki da maganin barci. Ana ba da lactulose, a daidaita shi har a riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana, wani lokaci a ƙara rifaximin.

10. Ga mai ɗauke da HIV fa?

HIV yana shiga ƙwaƙwalwa tun farkon kamuwa, kuma shi da giya wuri ɗaya suke bugu: saurin tunani, tsara aiki, riƙe hankali. Magungunan ma suna da nasu. Efavirenz yana kawo jiri, mafarkai masu firgitarwa da damuwa, dolutegravir kuma kan hana wasu barci, abin da mayar da shansa zuwa safiya kan rage. A gaya wa likita, ana iya canzawa. Kuskure mafi tsada shi ne tsallake magani a ranar da aka sha giya don tsoron kada su haɗu su zama guba. A sha maganin a kan lokacinsa ko an sha giya, don tsallakewar ce ke ba bairos damar bijire wa magani.

11. Mijina ya kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Yanzu yana firgita cikin dare, ya ƙi zuwa asibiti, shansa kuma ya ƙaru. Me zan yi?

Abin da kike gani sananne ne ga waɗanda suka fito daga wannan ɗaki. Da yawa sun yi ruɗewa a can, masu shan giya sun fi kowa, kuma abin da suka gani cikin ruɗewar, kamar ana binsu ko an ɗaure su za a cutar da su, yana zama musu kamar ya faru da gaske. Ƙarar na'ura ko warin asibiti kan dawo da shi. Bincike ya kuma nuna gwargwadon daɗewar ruɗewar, gwargwadon raunin tunani bayan shekara guda. Giyar da ya ƙara, ƙoƙarin kashe waɗannan hotuna ne.

Ki ba shi labarin abin da ya faru a jere, rana bayan rana, in ya nuna yana so, don ya samu abin da zai maye gurbin mafarkin. Kada ki ce masa ya manta kawai. In firgitar ta wuce wata guda, yana buƙatar ƙwararren da ke yi wa masu firgici magani ta hanyar zama da tattaunawa, kuma ba sai ya gama daina giya za a fara ba, ana tafiyar da biyun tare. Ki nemi a yi zaman farko a wurin da ba zai tuna masa da ɗakin ba, ko ta waya. Kada ki zubar masa da giya ko ki ɓoye ta don ya yanke dole, dalilin yana amsa ta 5.

12. Ba na iya barci sai na sha. Ba gara na sha kaɗan ba?

Giya tana saurin kawo barci, amma tana danne barcin mafarki a farkon dare, in ta fara fita daga jini kuma sai mutum ya farka tsakar dare da gumi da faɗuwar gaba. Tana kuma ƙara munshari da ɗaukewar numfashi. Gajiya da dushewar tunanin gobe daga nan suke ƙaruwa. Bayan an daina, barci kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya daidaita, kuma rashinsa yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane sha.

Abin da ke aiki: tashi a lokaci ɗaya kullum ko daren ya yi muni, fita hasken safiya, barin kofi da makamantansa daga tsakar rana, in an yi kamar minti 20 a gado ba barci a tashi a zauna a wuri mai duhu-duhu har ya zo. Diazepam da zolpidem ba maganin wannan ba ne. Suna kama mai jarabar giya da sauri, haɗa su da giya kuma yana iya tsayar da numfashi.

13. Tun da na warke, ko kaɗan na sha sai jikina ya rikice. Me ya canza?

Mutane da dama masu doguwar gajiya bayan bairos suna ba da wannan labari: ciwon kai, bugun zuciya, kwana biyu a kwance bayan abin da da ba ya yi musu komai. Sai a duba hanta tukuna, don raguwar juriya ga giya na iya zama alamar ta fara gazawa. Akwai kuma hatsari ga wanda ya yi makonni bai sha ba saboda jinya: juriyarsa ta sauka, in ya koma adadinsa na da a zama ɗaya, zai iya suma ko ya shaƙe da amai.

14. An ce in riƙa motsa jiki, amma duk ranar da na yi sai na kwanta kwana biyu. In dage?

A'a. In ƙaramin aiki, na jiki ko na tunani, yana jawo faɗuwa, wato jiki ya mutu har a kwanta, bayan awa 12 zuwa 48, dagewa tana ƙara lalata abin. A Oktoba 2021 hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta janye shawarar ƙara motsa jiki a kan tsayayyen jadawali ga masu irin wannan ciwo. A rubuta aikin kowace rana da yadda aka ji bayan kwana biyu, a gano iyakar da ba ta jawo faɗuwa, a tsaya ƙasa da ita, a rarraba aiki da hutu a tsakani. Wanda kasalarsa ta ciwon damuwa ce ko ta daɗewa a kwance, shi motsi sauƙi yake kawo masa. Yadda jiki ya amsa washegari da jibi shi ke bambance su.

15. Waɗanne gwaje-gwaje ya kamata a yi?

Ƙidayar jini, aikin hanta da ƙoda, sukari, gishirin jini irin su sodiyam, maganiziyam da fosfet, bitamin B12 da folet, gwajin HIV da ciwon hanta na B da C. A haɗa da gwajin thyroid, wato ƙullun wuya da kan zama maƙoƙo, don wasu bairos suna kumbura shi, ya kawo bugun zuciya da fargaba da farko, daga baya kasala da damuwa. Hoton kai yana zuwa in mutum ya faɗi ƙasa ko akwai alamomin amsa ta 7. Gwajin tunani irin MoCA, mai maki 30, ya fi ba da gaskiya bayan an yi makonni ba giya. In an yi shi a makon farko, sakamakon zai firgita iyali ba dalili, don haka a maimaita bayan wata uku zuwa shida.

16. Waɗanne magunguna ke taimakawa, waɗanne kuma za a kiyaya?

Don rage sha'awar giya akwai naltrexone, miligiram 50 a rana. Ba a ba wanda hantarsa ke cikin kumburi mai tsanani ko ta gaza, ba a kuma haɗa shi da tramadol, codeine ko morphine, sai an yi kwana 7 zuwa 10 rabu da su. Acamprosate, miligiram 666 sau uku a rana ga mai nauyin kilo 60 zuwa sama, ta ƙoda yake fita, don haka ya fi dacewa da mai ciwon hanta muddin ƙodarsa lafiya. Disulfiram yana iya cutar da hanta da rikita tunani, bai dace da mai mantuwa ba. Magani ya fi aiki in an haɗa da zaman shawara ko ƙungiyar masu taimakon juna irin Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a 1935.

Don damuwa da fargaba an fi fara da irin sertraline. Yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauyi, ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, kuma shi kaɗai ba ya hana sha. Ga mai ƙanƙancewar hanta ana rage adadin, ana lura da zubar jini da saukar sodiyam. Duloxetine bai dace da mai sha da yawa ba saboda hanta, bupropion yana ƙara hatsarin jijjiga, amitriptyline kuma yana kisa in an sha da yawa, don haka ba a tara shi a hannun mai tunanin kashe kai.

Magungunan lokacin jinya ma a kula da su. Paracetamol kada ya wuce giram 2 a rana ga mai sha da yawa ko mai ciwon hanta, a kuma duba magungunan mura don da yawansu suna ɗauke da shi. Ibuprofen da danginsa suna jawo zubar jini a ciki da ciwon ƙoda. Dexamethasone kan kawo rashin barci da rikicewar hali na ɗan lokaci. Paxlovid, maganin korona, yana sa wasu magunguna, har da diazepam da quetiapine, su taru a jini, don haka a nuna wa likita duk abin da ake sha.

17. Ana warkewa? Kuma me za a shirya kafin wata cutar ta sake zuwa?

Mafi yawan mutane suna samun sauƙi, sai dai ba a tafiya ɗaya ba. Damuwar giya takan sauka a watan farko, barci da riƙe hankali cikin watanni, tunawa da tsara aiki kuma suna ci gaba da gyaruwa har shekara guda ko fiye in ba a koma sha ba. Gajiyar bayan bairos tana hawa tana sauka, don haka a auna wata da wata, ba yau da jiya ba. Komawa sha sau ɗaya ba ya goge abin da aka samu, amma a sanar da likita da wuri, a kuma tuna gargaɗin amsa ta 13.

A yi rigakafin mura na shekara-shekara, na korona, na ciwon huhu, da na ciwon hanta A da B. Jikin mai sha da yawa ba ya amsa allurar B sosai, don haka ana iya auna jini wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar ƙarshe a ga ko ta kama. A rubuta takarda ɗaya a ajiye inda iyali suka sani: adadin da ake sha a rana, ko an taɓa jijjiga ko ruɗewa, ciwon hanta in akwai, da magungunan da ake sha. Ranar da zazzaɓi ya sake kwantar da mutum, wanda ya raka shi asibiti ya miƙa takardar tun a wurin karɓar marasa lafiya, ya faɗi awa nawa ke nan da shan ƙarshe, ya kuma tambaya ko an ba shi tayamin.